Katin Rigakafin Injiniya

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi. Yau ba doguwar gaisuwa, don kaina a ɗaure yake tamau, in na tsaya gaisuwa sai in manta ta inda zan fara.

Wadda ta shigo yau, bari in gutsura mata. Ni ce babba a ɗakinmu, shekarata ashirin da shida. Ina aiki a wani ɗan ofishin yankan tikitin jirgi, hawa na biyu, saman kantin magani. Tebur uku ne, da fanka mai ƙara, sai injin buga takarda da ba ya aiki sai an dake shi a gefe. Tun da annobar nan ta zo aikinmu ya koma cike fom. Matafiyi ya turo sakamakon gwajinsa da katin rigakafinsa, mu ɗora a shafin hukumar lafiya da sunan ofishinmu, a fitar masa da takardar izinin shigowa ƙasa. In babu ita, babu hawa jirgi.

A ofishin nan na haɗu da Injiniya, shekara biyu da rabi ke nan. Ya zo canza ranar tafiya, ya manta fasfonsa a kan teburina, ya dawo ɗauka, ya tafi da lambata. Sau huɗu muka ga juna, ya zo ya gaida Baba sau ɗaya, sai ya koma ƙasar da yake aiki. Bayan wata biyu aka rufe filayen jirgi. Tun daga nan komai namu ya koma cikin waya.

Sau uku yana sa ranar zuwa yana ɗagawa. Na farko jirgin aka soke. Na biyu ya ce wurin aiki sun hana kowa motsi. Na uku ya ce fasfonsa na wurin sabuntawa. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta raɗa masa suna Malam Ina-tafe.

"Shekara biyu kina zance da batir," in ji ta. "Ga mai kantin maganin ƙasanku nan, mutum da jini a jika, kullum sai ya aiko mini da man zafi. Ke kin tsaya jiran wanda sai an yi caji ake jin muryarsa."

Umma ba ta cewa komai, sai dai ta kalle ni ta ɗauke kai. Ni kuwa shirun nan nata ya fi maganar Gwaggo ci mini rai.

To wannan karon ya yanki tikiti, ni da hannuna na yanka masa. Zai taso Juma'a da rana, ya ya da zango a wata ƙasa ya canza jirgi, ya sauka Asabar da safe.

Ranar Litinin Hajiya mai ofis ta shigo da takarda a hannu, takunkuminta a haɓa kamar kullum.

"Sun sake canzawa," ta ce. "Gwaji yanzu awa arba'in da takwas, ba saba'in da biyu ba. Mai allura biyu ya wuce gida. Marar allura a killace shi kwana bakwai, a gwada shi rana ta biyu da ta bakwai."

"Hajiya, awa arba'in da takwas kafin tashi ko kafin sauka?"

Ta gyara tabarau. "An rubuta kafin tafiya."

"Tafiyar daga ina? Jirgin farko ko na biyu?"

"Ke 'yar nan, ni na rubuta?"

Na kira lambar da ke ƙasan takardar. Wata mata ta ce kafin tashi. Zuciyata ba ta kwanta ba na sake kira, wani namiji ya ɗauka ya ce kafin sauka. Na kira karo na uku, aka sa mini kiɗa har katin wayar ofis ya ƙare. Na tura wa Injiniya cewa ya yi gwaji ranar Laraba, ya kuma sake ranar Alhamis da yamma, duk wanda suka nema ya miƙa musu.

Ya rubuto: "Ranki ya daɗe, hancina guda ne fa."

Na rubuta: "Ƙofofinsa biyu ne. Ka turo mini katin rigakafinka in ɗora."

"Zan turo."

A gida kuwa an shiga hidima. Umma ta sauke labulen falo ta sa sababbi masu ruwan toka, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai da babban dalili. An ja kujeru baya don a bar tazara, an ajiye kwalbar man wanke hannu a kan ɗan teburin bakin ƙofa. Gwaggo na zaune tana kallo tana jan carbi.

"Wai in ya zo kulle shi za a yi?"

"A'a Gwaggo, ya yi allura biyu, ba za a killace shi ba."

"To gwajin na mene ne, in ya yi allura?"

"Don a tabbatar ba ya ɗauke da ciwon."

"To allurar fa ta mece ce?"

Wallahi kullum ina yi wa mutane bayanin nan a ofis, amma in Gwaggo ta tambaya sai in ji kamar ni ma ban taɓa fahimta ba.

Talata ban ga kati ba. Na tuna masa, ya ce yana cikin wata jaka, sai ya koma gida. Laraba ya turo sakamakon gwajin farko, lafiya lau, ya turo hoton turaren da ya saya wa Umma da agogon Baba, amma ba kati. Alhamis na rubuta masa da manyan baƙaƙe. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa, sannan ya turo:

"Kar ki wahalar da kanki, zan cike fom ɗin da kaina."

Na zuba wa saƙon ido. Mutumin da ko kujerar jirgi sai na zaɓa masa? Na ce wa zuciyata, ƙila bai yi allurar ba ne yana jin kunyar faɗa. In haka ne ai da sauƙi, kwana bakwai ne, wadda ta jira shekara biyu. Na rubuta masa hakan, na ce ba komai ba ne. Ya ce, "Na yi mana. Ki kwantar da hankalinki." Ya haɗa da hoton zuciya har uku. Shi da ba ya sa fiye da ɗaya.

Juma'a na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan madara, har takunkumin na zaɓi wanda ya shiga da kayan. Ba yau zai sauka ba, na sani, amma haka nan na ji ina son yin kyau. Mai kantin magani ya gaishe ni a ƙasan bene, na amsa ina sauri.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma wayata ta yi ƙara. Injiniya ne, bayansa ana ta sanarwa da lasifika.

"Sun ƙi karɓar jakata. Wai sai takardar izini. Tun jiya nake fama da shafin, in na kai ƙarshe sai ya mayar da ni farko. Saura minti arba'in su rufe."

"Na ce maka ka turo tun Litinin!"

"Na sani."

"To turo yanzu. Komai naka na riga na cike, katin kawai ya rage."

Na ji numfashinsa.

"Injiniya, kana ji na?"

"Zan turo. Amma don Allah ki ɗora kawai."

Hoton ya shigo. Ya ɗauka a karkace, babban yatsansa ya rufe kusurwa ɗaya. Na buɗe shi a kwamfuta na ƙara girma, na fara kwafa kamar yadda nake yi wa kowa. Suna, daidai. Ranar haihuwa, daidai. Allura ta farko, wata tara da suka wuce. Ta biyu, bayan sati biyar. Sai gurbin da ake rubuta inda aka yi.

Na kalli hatimin. Na goge idona na sake kallo.

'Yan uwa, hatimin ƙaramin asibitin unguwarmu ne. Wanda ke bayan gidan mai, mai koren ƙyaure, inda na raka Umma ta yi tata. Har sa hannun na gane, irin na jikin katina ne, mai doguwar jela.

Na ɗaga waya.

"Wannan katin na ina ne?"

"Saura minti talatin da biyu."

"Ba agogo na tambaye ka ba. Hatimin garin nan ne a jiki. Yaya aka yi mutumin da bai taka ƙasar nan ba shekara biyu ya yi allura a bayan layinmu?"

"In na sauka zan yi miki bayani, wallahi zan yi."

"Na bogi ne? Wani ka sa ya buga maka?"

Na rage murya kar Hajiya ta ji.

"Ka faɗa mini gaskiya. In na bogi ne na ɗora da sunan ofishinmu, rufe mu za a yi, ni a kore ni, kai kuma a tsare ka a filin jirgi. Na gaske ne ko na bogi?"

Ya ce, a hankali, "Wanne ne zai fi miki sauƙi?"

Ban san lokacin da na kashe wayar ba.

Hajiya ta leƙo daga teburinta. "Lafiya? Kin yi fari fat."

"Hajiya, in ana shakkar kati yaya ake yi?"

"Ke da ke koya wa mutane? Haska ɗan tambarin nan mai ɗige-ɗige. In ya yi kore na gaske ne, in ya yi ja ki mayar wa mai shi abinsa, ba ruwanmu."

Na sani mana. Tsoro nake ji. Kuma bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba: a lokacin nan addu'a nake yi ya yi ja. Na gwammace a ce saurayina ya sayi takardar ƙarya don yana ɗokin ganina, in yi masa faɗa, in cike masa fom ɗin marasa allura, ya yi kwana bakwai ɗinsa a killace. Wannan na san yadda zan yi da shi. Ɗayan ne ban sani ba.

Na ɗora wayata a kan allon kwamfutar. Ta ɗan yi juyi.

Kore. Sunansa, hotonsa, ranakun biyu, sunan asibitin.

Na koma cikin saƙonninmu, na yi ta ja sama har yatsana ya gaji, na kai ranar allurar farko. Ƙarfe tara na safe ya rubuto mini: "Yau sanyi kamar me, ko fita ba na son yi. Ina ma ina gida." Ni kuma na amsa masa da cewa ya sa rigar sanyi biyu, ya sha shayi mai zafi. A wannan satin ne ya ce wurin aiki sun hana kowa motsi.

Saƙo ya shigo. "Minti sha tara."

Wani ya biyo. "Don girman Allah."

Na zauna hannuna a kan madannai. Wata zuciyar ta ce ki bar shi a can, ya ji yadda jira yake. Wata ta ce, katin gaskiya ne, gwajin lafiya lau, da baƙo ne ya kawo miki da tuni kin gama. Ban san wadda na bi ba. Na dai ga na danna, shafin ya yi ta juyawa, takardar ta fito da sunansa. Na tura masa ba tare da ko kalma ɗaya ba. Ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Daga baya ya rubuto, "Na shiga. Na gode." Shi ma ban amsa ba.

Sauran aikin ranar ban san yadda na yi shi ba. Wani dattijo da na cike wa fom, na rubuta masa mace, sai da Hajiya ta karɓe ta ce in tafi gida in sha magani.

Bayan la'asar na shiga gida. Umma na falo tana goge mayafin da za ta sa gobe, ƙamshin turaren ɗaki ya cika ko'ina. Baba bai dawo daga shago ba. Na ajiye jaka na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, abin da na daɗe ban yi ba.

"Ya taso?"

"Ya taso."

"To alhamdulillahi. Me ya sami fuskarki?"

Na miƙa mata wayar da hoton katin. Na nuna mata hatimin da yatsa. Jira nake ta yi salati, ta dafe ƙirji, ta ƙwala wa Gwaggo kira.

Ta kalla, ta miƙo mini, ta tsayar da dutsen guga a kan gindinsa.

"Ashe bai faɗa miki ba har yanzu."

Na ɗago. "Umma?"

"Babanki ya ce masa ya faɗa miki da bakinsa."

"Baba? Baba ya sani?"

Ta zauna a bakin kujera ta kama hannuna. Ta ce ranar da Baba ya je yin tasa allurar, yana zaune a layi sai ya ji an kira wani suna. Ya waiga ya ga mutum ya miƙe, ya rame, riga duk ta koɗe. Ya bari ya fito sannan ya tare shi a bakin ƙofa. Ashe kamfaninsu ya rufe, an sallame su gaba ɗaya, an kwaso su a jirgi an dawo da su. Wata uku ya yi a ɗakin baya na gidan yayansa, can ƙarshen gari, yana neman wani aikin ta waya. Asibitin unguwarsu allura ta ƙare, shi ya sa aka turo su namu.

"Ya durƙusa wa Babanki a gaban mutane," in ji Umma. "Ya ce kar a faɗa miki. Wai ba zai iya tsayawa gabanki hannu rabbana ba, bayan duk alkawuran da ya yi. Babanki ya ce shi ba zai faɗa ba, amma ranar da ya tsaya da ƙafarsa ya zo ya faɗa da kansa. Da ya samu wani aikin ya koma, ya kira Babanki ya sanar da shi."

"Wata uku, Umma. Yana garin nan. Ni ina ɗaki ina duba yanayin sanyin garin da ba ya ciki."

"Na sani."

"Kina ganina ina kuka."

"Ina ganinki." Idonta ya ciko. "Sau nawa na zo ƙofar ɗakinki na juya. Amana aka ba mu."

"Ni fa? Ni ba amana ba ce?"

Sai ga Gwaggo ta yaye labule, ashe tana tsaye tun ɗazu.

"Au! Wato ni kaɗai aka mayar bare a gidan nan? Ina ta zagin bawan Allah da Ina-tafe, ashe Malam Na-zo-na-koma ne!" Ta zauna daɓas. Ta ja carbi biyu, sannan ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Amma namiji ya rasa aiki ya ɓuya, wannan na san shi. Marigayi ya taɓa yi mini wata biyu yana fita da safe da jaka, ashe gindin bishiya yake zuwa ya zauna." Ta kalle ni. "Ban ce ki yafe ba fa. Ni sai da na yi sati ban yi masa magana ba."

Na tashi na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na cire mayafin na jefa kan gado. Na rasa da wa zan yi fushi. In na tuna saƙon sanyin nan sai in ji kamar in fasa wayar. In na tuna koɗaɗɗiyar riga a layin asibiti sai tausayinsa ya kama ni. In na tuna Baba yana shan shayi kullum da safe a gabana, yana tambayata "Ya mutumin naki?" sai in rasa ma me nake ji. Shin rufa mini asiri suka yi, ko rufe mini ido? Kuma wanda ya iya rubuta mini ƙarya kullum har wata uku, da hoton zuciya a ƙarshe, me zai hana shi gobe?

Ana gab da kiran magariba wayar ta yi haske.

"Na sauka a zangon farko. Na san kin ga komai. Na yi kuskure, tsoro ne ya sa, ba raini ba. Jirgina zai tashi nan da awa ɗaya. Akwai wani da ke komawa inda na fito, ƙofarsa na kallon tamu. In kin ce kar in zo, ba zan zo in tsaya a falonku in ba ki kunya ba. In ban ji daga gare ki ba, na fahimta."

Na karanta sau huɗu. Na rubuta "Ka koma," na goge. Na rubuta "Allah ya kawo ka lafiya," na goge, don ba haka nake ji ba. Na ajiye wayar na yi alwala na yi salla, na daɗe a zaune a kan darduma ban roƙi komai ba, don ban san me zan roƙa ba. Na ji sallamar Baba a tsakar gida, na ji Umma ta tare shi da magana ƙasa-ƙasa, na ji takunsa ya zo ƙofata ya tsaya, ya juya.

Da na duba agogo, minti hamsin sun wuce.

Na ɗauki wayar da sauri na rubuta: "Ka ƙaraso. Ba don na haƙura ba. So nake in ga fuskarka lokacin da kake faɗa."

Na tura.

Alama ɗaya ta fito. Na jira ta biyun, wadda ke nuna saƙo ya isa. Na ɗaga wayar sama, na je bakin taga, na kashe na kunna. Na kira, aka ce a kashe take.

Ya riga ya shiga jirgi. Wanne daga ciki, ban sani ba.